Baba, Kaka da Tela: Martani ga Merritt Ruhlen kan Asalin Gajerun Kalmomi

Akwai gajerun kalmomi, masu gaɓa ɗaya ko biyu, da ake jin irinsu a harsunan da ba su taɓa yin maƙwabtaka ba. Bahaushe yana ce wa mahaifinsa baba, haka Bayarabe, haka Baturke, haka mutumin Zanzibar mai magana da Swahili. Mama uwa ce a Sinanci da Rashanci da Swahili, kuma ita ce a bakin yaran Kano na yau. Wanda ya tashi da kallon finafinan Indiya, waɗanda suka samu karɓuwa a gidajen silima na Kano tun wajen shekarun 1960, ya sha jin duniya da kaka da mama daga bakin 'yan wasan, har ya raya a ransa cewa lallai akwai tsohuwar dangantaka tsakanin Hausa da Indiyanci. Daga ina waɗannan kalmomi suka fito, kuma me ya sa suka yi kama?

Amsar da ta fi kowace ɗaukar hankali ita ce ta Merritt Ruhlen, masanin harshe Ba'amurke da ya yi aiki a Jami'ar Stanford, ya rasu a 2021. A 1994 ya fitar da littattafai biyu kan asalin harsuna, kuma a cikin ɗayansu shi da John Bengtson suka jera saiwoyi 27 da suka ce burbushin harshen farko ne, wanda kakannin 'yan Adam suka yi magana da shi kafin su watsu a ban ƙasa. Daga cikin saiwoyin akwai TIK mai nufin yatsa ko ɗaya, da AKWA mai nufin ruwa, da KAMA mai nufin riƙewa da hannu, da TSUMA mai nufin gashi. Bahaushe yana ganin biyun ƙarshe zai tuna da kama da suma. Daga baya wasu masu bincike biyu daga birnin Faris, Pierre Bancel da Alain Matthey de l'Etang, suka ɗora a kan aikinsa. A 2002 suka wallafa cewa kaka ma kalmar zumunta ce da aka gada daga wancan harshe, sannan suka faɗi haka game da papa da mama.

Ra'ayin bai rasa alaƙa da Kano ba. Ruhlen hanyar Joseph Greenberg ya bi, shi kuwa Greenberg a ƙasar Kano ya fara bincikensa, tsakanin Maguzawa, a 1938 da 1939, tun kafin ya zama mutumin da ya kasa harsunan Afirka gida huɗu a 1963. Ra'ayin yana kuma da ɗan'uwa a zaurukan birni, inda ake yawan cewa Hausa 'yar Larabci ce tunda ga kalmomi nan birjik iri ɗaya, a kafa hujja da Bayajida da aka ce daga Bagadaza ya fito. Hanyar duka biyun ɗaya ce: kunne ya ji kama, sai a yanke hukuncin gado. Wannan martani bai musanta cewa mai yiwuwa 'yan Adam sun taɓa magana da harshe guda ba. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne a ce gajerun kalmomin yau sun isa shaida a kan haka, domin kamanni yana da mafari fiye da ɗaya, kuma gajeriyar kalma ita ce mafi ƙarancin abin da za a riƙa a rarrabe mafarinta.

Ba sai an je nesa ba kafin a gwada da'awar. Soron Ɗinki unguwa ce a cikin ganuwar Kano, wadda sunanta ya riƙe sana'ar da aka daɗe da sanin birnin da ita, kuma kalmomin da maɗinki ke furtawa a wuni guda sun ƙunshi kowane irin kamanni da ake jayayya a kansa. Allurar hannunsa daga al-ibra ta Larabci take, almakashinsa daga al-miƙass, aljihun da yake wa riga daga al-jaib, alharinin da ake ƙawata babbar riga da shi daga al-harir. Dukkansu sun shigo da al ɗin Larabci manne a goshinsu, kuma hanyar da suka biyo sananniya ce. Tarihin Kano ya ce Wangarawa sun iso zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385. An kafa kasuwar Kurmi zamanin Muhammadu Rumfa, tsakanin 1463 da 1499. Da Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar da tufafin Kano na tafiya Tumbutu da Ghat da Murzuk har Tarabulus, alharini kuma yana gangarowa ta hamada. Inda kaya suka bi, nan sunayensu suka bi. Wasu ma sai da suka yada zango a hanya. Greenberg ya nuna a 1960 cewa kasuwa ita ce suƙ ta Larabci, amma ta hannun Barebari ta iso, shi ya sa ta ɗauko ka ɗin da ke goshin kasugu ta harshensu. Takarda ta bakin Buzaye ta zo, asalinta kuwa can a Latin da Girkanci. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1911, sai wani sabon ayari ya biyo: yadi da inci da kwat da teburi daga Turanci, keke kuma ta bakin Yarabawa.

Abin shan da ake kawo wa maɗinki da safe ya fi kowane misali bayyana yadda kalma ɗaya ke game duniya ba tare da gado ba. Ganyen daga Sin ya fito. A yawancin ƙasar ana ce masa ca, kuma wannan sunan ne ya bi ta ƙasa zuwa Farisa ya zama cai, ya shiga Larabci ya zama shay, ya iso Hausa ya zama shayi. A gaɓar Fujian kuwa te ake cewa, kuma daga nan 'yan kasuwar Holan suka kai shi Turai ta ruwa, Turawan Ingila suka karɓa, suka kawo shi nan ya zama ti. Hausa ta karɓi kalma ɗaya sau biyu ta ƙofa biyu. Haka sukari da suga: asalinsu ɗaya a tsohon harshen Sanskrit na Indiya, ɗaya ta biyo Farisanci da Larabci, ɗaya ta zagayo ta Turai. Yawancin abin da kunnen Bakano ke tsinta a fim ɗin Indiya irin wannan ne. Duniya da khabar da waqt da kalam na Indiyanci, da duniya da labari da lokaci da alƙalami na Hausa, duk daga rumbun Larabci aka ɗebo su, sai dai Indiyawa ta hannun Farisawa suka karɓa. Larabcin kansa ya ari ƙalam daga kalamos ta Girkanci, mai nufin kara.

Wannan ya isa amsa ga masu cewa Hausa 'yar Larabci ce, amma bai isa ga Ruhlen ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Shi ya san da aro, shi ya sa ya kauce wa sunayen kayan ciniki ya nufi yatsa da ruwa da gashi da ƙashi, waɗanda ba a cika aronsu ba. Sai dai akwai darasi guda da aro ya bari: doguwar kalma tana tafe da shaidarta, gajeriya kuwa ba ta da ita. Wanda ya ji almakashi ya san daga inda ta fito. Wanda ya ji sama ko lada ko ti ba zai gane baƙi ba ne sai an ba shi tarihinsu.

Raunin Ruhlen na gaske yana wajen dace, wato kamannin da babu komai a bayansa. Sunan mai sana'ar kansa ya isa misali. Tela a Hausa maɗinki ne. Tela a harshen Sifaniya da na Italiya yadi ne, wato abin da ake ɗinkawa. Furuci ɗaya, ma'ana kuma dab da juna, irin kamannin da mai tara saiwoyi zai yi murna da shi. Amma tarihin kowace a rubuce yake. Ta Hausa daga Turanci aka are ta zamanin mulkin mallaka, Turanci ya karɓo daga Faransanci, tushenta kuwa wani aikatau ne na Latin mai nufin yanka. Ta Sifaniya daga wata kalmar Latin ce dabam, mai nufin saƙa. Ba su haɗa komai ba, kuma ba don rubutaccen tarihi ba da babu mai iya raba su. Haka mutum ta Hausa da mtu ta Swahili ko muntu ta wasu harsunan Bantu. Jam'i ne ke tona asirin: Hausa na cewa mutane, ta riƙe mut ɗinta, su kuwa suna cewa watu ko bantu, domin mu ɗin nasu ɗafa-goshi ne da ke nuna tilo, saiwar ita ce abin da ya biyo baya. A harshen Basque na kan iyakar Sifaniya da Faransa, wanda ba a san masa dangi ba a duniya, ni tana nufin abin da take nufi a Hausa. A Sinanci kuwa ni tana nufin kai ko ke. A harshen Mbabaram na Ostireliya, masanin harshe R. M. W. Dixon ya tarar sunan kare shi ne dog, daidai da na Turanci, daga baya ya tabbata cewa daga tsohuwar kalma gudaga ta zaizayo, wadda har yanzu ake ji a harshen Yidiny na maƙwabtansu. Bad ta Farisanci da bad ta Turanci duk mummuna suke nufi, harsunan biyu kuma dangi ne, amma kalmomin ba su haɗa asali ba.

Ana iya kwatanta yawan irin wannan dace da lissafi mai sauƙi. Bakin ɗan Adam baƙaƙe kaɗan yake furtawa, kuma Ruhlen ba ya rarrabe t da d da c, ko k da g, wasula kuma ba su dame shi ba. In aka tattara baƙaƙe haka, rukunin da zai rage bai wuce kamar goma ba, ke nan kalma mai baƙi biyu siffa ɗari kawai za ta iya ɗauka. Sannan ya buɗe ƙofar ma'ana: a ƙarƙashin TIK ya karɓi yatsa da ɗaya da hannu da yatsar ƙafa da biyar da goma da nuni da kaɗai. In ma'anonin da aka yarda da su sun kai goma, to a kowane harshe guda akwai damar kusan ɗaya cikin goma ta samun abin da ake nema. Dangin Cadi kaɗai, inda Hausa take, yana da harsuna fiye da 150, duniya kuma tana da kusan 7,000, shi kuwa harshe ɗaya ko biyu sun ishe shi su wakilci dangi sukutum. Da wannan sassauci, abin mamaki shi ne a nema a rasa. Donald Ringe ya yi irin wannan lissafi dalla-dalla a 1992, ya nuna cewa dace a gajerun kalmomi ya fi yadda zuciya ke zato yawa nesa ba kusa ba. Jerin na Ruhlen kansa ma yana ba da shaida. Ban da KAMA da TSUMA, akwai TEKU da ya ce ƙafa take nufi, da MAKO yaro, da KANO hannu. Hausa na da teku da mako da Kano, furuci daidai wa daida, ma'ana kuwa ko kusa. Wanda ya ƙirga biyun da suka dace ya bar ukun da suka saɓa bai auna komai ba.

Saura hujjar da ta fi ƙarfi, wato baba da mama da kaka. A nan yawan ya wuce dace, kuma babu ayarin da ya kai su ko'ina, don haka dole a nemi wani dalili. Ya kamata a fara da lura cewa rubutun boko yana ɓoye bambanci. Abin da ake rubutawa baba kalma huɗu ce a bakin Bakano, karin sauti da tsawon wasali ne ke raba su. Akwai baba mahaifi, da ake farawa ƙasa a hau sama. Akwai baba ta mata, uwa ko gwaggo, da ake farawa sama a sauko, kuma ita ce sunan tsohuwar nan ta Karo da Mary Smith ta wallafa tarihin rayuwarta a 1954. Akwai baba shukar da ake rini da ita a karofin Ƙofar Mata, wadda ke ba rigar maɗinki launinta kafin a kai ta mabuga. Akwai kuma baba na gidan sarauta a da, bawan da aka fiɗiye. Mai tara kalmomi daga ƙamus, wanda ba ya jin harshen, zai ɗauki wadda ta yi masa daidai ya wuce.

Da aka leƙa waje, ma'anar sai ta ƙara tarwatsewa. A Jojiya mama uba ne, uwa kuma deda. A Indiyanci mama kawu ne, dada kakan wajen uba, nana kakan wajen uwa. A Rashanci baba tsohuwa ce. A Swahili dada 'yar'uwa ce, alhali a Fulatanci uwa ce. Yaya babban wa ko babbar ya ce a Hausa, kaka mace a Girkanci, mai reno a Swahili. Abin da ya tabbata a ko'ina shi ne siffar furucin, baƙi ɗaya da wasalin a, a maimaita. Wanda ake kira da ita kuwa yana canzawa daga gari zuwa gari, sai dai ba ya wuce mutanen da ke kewaye da jariri.

George Murdock ya tara sunayen iyaye 1,072 daga al'ummu dabam-dabam a 1959, ya ga fiye da rabin na uwa suna da m ko n, fiye da rabin na uba kuma suna da irin p da b ko t da d. Shekara guda bayan haka Roman Jakobson ya ba da bayanin da har yau ba a kawo wanda ya fi shi ba. Jariri in ya fara gwaranci, abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya haɗa leɓɓa ya buɗe, ko ya ɗora harshe a hanƙa ya saki, wasalin da ke fita in baki ya buɗe kuwa a ne. Ma-ma da ba-ba da da-da ke nan, kuma ba kowa yake kira ba. Manya ne ke ji su ce su ake nufi, su mayar masa da sautin a matsayin suna. Jakobson ya ƙara da cewa m shi ne sautin da yaro ke iya fitarwa ta hanci bakinsa na kan nono, shi ya sa ya fi manne wa uwa da abinci. Hausa ta gaskata shi: mama sunan nono ne tun kafin ta zama sunan uwa a gidajen birni, kuma mamma ta Latin ma nono ce. Nono kanta siffar ɗaya ce, haka tatata da ake ce wa yaro mai koyon tafiya.

Bancel da abokinsa suna cewa gado ne, gwaranci kuma shi ya hana kalmomin lalacewa. Tarihin da aka rubuta bai goyi bayansu ba, domin ana ganin kalmomin suna lalacewa, ana kuma ganin sababbi suna tsirowa. A Japananci na ƙarni na 8 sunan uwa papa ne. Da p ta harshen ta rikiɗe ta koma f sannan h, kalmar ba ta tsira ba, ta zama haha. A rubutun duwatsun Orkhon na Mongoliya, shi ma na ƙarni na 8, tsofaffin Turkawa suna ce wa uba kang, uwa kuma ög, babu baba a wurin, amma yau ita ce a bakin kowane Baturke. Pater ta Latin ta zaizaye ta zama père a Faransanci, sai ga papa a gefenta. Hausa ma haka take: uba da uwa su ne na asali, baba da inna da iya suna gefensu, abba da umma sun samu shiga, yanzu kuma dadi da momi sun shigo wasu gidajen. Gurbi ne da kowane zamani ke sake cikawa.

Ruhlen ya ga wannan amsa, shi ya sa ya jingina da kaka. Hujjarsa ita ce k ba ta cikin baƙaƙen da jariri ke farawa da su, don haka gwaranci ba zai bayyana yaɗuwarta ba. Gaskiya ne baƙi bahanɗe irin k yakan ɗan makara, amma watanni ne tsakani, kuma waɗanda ake kira kaka su ma sukan zo a sahu na biyu a rayuwar yaro. A Hausa mahaifin iyaye ne, namiji ko mace. A Swahili wa ne. A Indiya ƙanen uba ne. A tsohuwar maganar gida ta Japan uwa ce. A Faransanci da Rashanci da wasu harsunan Turai kuwa, kaka a bakin yara bayan gida take nufi. Wannan na ƙarshe ba ya shiga lissafin masu neman kalmar zumunta, alhali shi ne ya nuna ainihin abin da ya haɗa su duka: duniyar yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu.

Akwai wasu ƙananan hanyoyi da jiki da muhalli ke kai harsuna wuri ɗaya ba tare da sun haɗu ba. Hankaka a Hausa da kaka a Sanskrit kukan tsuntsun suka kwaikwaya. A 2013 Mark Dingemanse da abokan aikinsa suka nuna cewa ɗan sautin da mutum ke yi in bai ji abin da aka faɗa ba, irin iye ɗin Bahaushe, kusan siffa ɗaya yake da ita a harsuna 31, suka kuma danganta haka ga bukatar zance: ana son abu gajere, mai saurin fita, mai karin tambaya. Wani bincike na 2016 da ya duba kusan kashi biyu cikin uku na harsunan duniya ya ga sunan hanci yakan ɗauki n, na harshe kuma l. Babu ɗaya daga cikin waɗannan masu bincike da ya ga bukatar komawa ga harshen farko.

Abin da ya fi komai karya da'awar Ruhlen shi ne saurin da furuci ke canzawa. Ana ganin haka a cikin Hausa kanta. August Klingenheben ya bayyana a ƙarshen shekarun 1920 yadda baƙin ƙarshen gaɓa ke narkewa, kuma har yau Basakkwace na cewa zamna da amre inda Bakano ke cewa zauna da aure. Jam'i da dangogin kalma sun adana tsohuwar siffar: saurayi da samari, talauci da talaka, buzu da bugaje, ɓauna da ɓakane. Paul Newman, wanda ya shugabanci Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a Kwalejin Abdullahi Bayero a farkon shekarun 1970, ya nuna wani canjin da ya girmi wannan, inda tsohuwar r ta koma y ko i: mai daga mar, wuya daga wura, kifi daga kirfi. A Turai, aqua ta Latin, wadda ita ce ginshiƙin AKWA ɗin Ruhlen, ta zama eau a Faransanci, ana furta ta o kawai, cikin ƙasa da shekara 2,000. Erku ta Armeniya da duo ta Latin, duka masu nufin biyu, asalinsu ɗaya tabbatacce, amma kunne ba zai taɓa haɗa su ba. Ficewar 'yan Adam daga Afirka ta kai aƙalla shekara 50,000. Kalmar da aka gada tun daga lokacin ya kamata a ce ta canza kama sau da yawa, saboda haka wadda aka tarar tana kama da takwararta ta wata nahiya ita ce ta fi cancantar tuhuma.

Gado na gaskiya yana nan, kuma Hausa na da shi da Larabci, amma ba a launi ake gane shi ba. Kamar riguna biyu ne: rini na iya zuwa ɗaya a karofi dabam-dabam, hannun maɗinki kuwa sai an juya cikin riga ake ganinsa. Harshe, wadda ake ce wa halshe a yamma, in aka cire ha ɗin da masana da dama ke ganin tsohon ɗafa-goshi ne na sassan jiki kamar a hanci da haƙori, abin da ya rage l da s ne, su ne kuma a lisan ta Larabci, da iles ta harsunan Berber, da las ta Kibɗanci. Suna ita ce sum a harshen Mwaghavul na Filato, ism a Larabci, shem a Ibrananci. Mutu tana tare da mata da maut na Larabci da emmet ta Berber. Akwai kuma waɗanda Hausa ta haɗa da tsohuwar Masar amma Larabci bai da su: ƙashi da ƙs, huɗu ko fuɗu da fdw, inda Larabci ke da azm da arba'a. 'Ya ba ta gadar abin da uwarta ba ta da shi. Hausa da Larabci rassa biyu ne na dangin Afro-Asiya, ɗaya a Cadi ɗaya a Semitik, tare da Berber da Masar da Kush da Omo.

Shaidar da ta fi kalmomi nauyi tana cikin nahawu, inda ba a cika aro ba kuma dace ba ya iya jera abubuwa da yawa a tsari ɗaya. Gidanka, gidanki, gidanku suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da baituka, baituki, baitukum. Ɗafa-goshin ma na mai aiki da kayan aiki da wurin aiki, wanda ya ba da maɗinki da mabuɗi da mazauni, shi ne a miftah da majlis, ko da yake saiwoyin dabam ne. Wando na tela ya zama wandon tela, riga ta tela ta zama rigar tela, ko rigat tela a Sakkwato, riguna na tela suka zama rigunan tela: n ga namiji, t ga mace, n ga jam'i. Greenberg ya nuna a 1960 cewa wannan tsari na n da t da n yana nan a wasu rassan dangin. A nan gajarta ba ta zama rauni ba, domin tsari ne sukutum yake dacewa da tsari, kowane ƙwayar sauti a gurbinsa.

Magoya bayan Ruhlen sukan ce ai da irin hanyarsa Greenberg ya gano matsayin Hausa, aka yi ta musu, daga baya aka yarda. Rabin labarin ke nan. Greenberg ya yi hasashe mai kyau, ya kuma rushe tsohon ra'ayin Carl Meinhof da ke kasa harsuna bisa launin fata da kiwon shanu. Amma abin da ya zaunar da maganar Cadi shi ne aikin da ya biyo baya, musamman na Newman da Roxana Ma a 1966, waɗanda suka bi harsunan ɗaya bayan ɗaya suka fitar da ƙa'idar wane sauti ke tsayawa a madadin wane, ta yadda za a iya ƙin kalmar da ta yi kama amma ta saɓa ƙa'ida. Saiwoyi 27 na Ruhlen ba su da irin wannan ma'auni, babu abin da zai sa a ce wannan ta shiga, waccan ba ta shiga ba.

Iyakar abin da hanyar kwatance ke iya hangowa ma tana bayyana a dangin Hausa. Afro-Asiya na cikin mafi tsufan dangogin da masana suka amince da su, mafi yawan ƙiyasi ya haura shekara 10,000, kuma yana da gatan da wasu ba su da shi, domin rubutun Masar da na Akkad sun kai shekara 4,000 zuwa 5,000. Duk da haka, a 1995 aka wallafa manyan ƙamusoshi biyu na saiwoyin uwar wannan dangi, ɗaya na Christopher Ehret, ɗaya na Vladimir Orel da Olga Stolbova, kuma saiwoyin da suka yi tarayya a kansu kaɗan ne ƙwarai in aka gwada da waɗanda suka saɓa. Kalmomin da kusan kowa ya amince da su, irin su harshe da suna da mutu da ƙashi, 'yan ƙalilan ne. Harshen da Ruhlen ke da'awar ya hango ya ninka wannan nisa aƙalla sau huɗu ko biyar, kuma babu rubutu ko ɗaya a tsakani.